Rigimar Apple da AliveCor kan agogon da ke gano rikicewar bugun zuciya

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Barista da Dakta, yau ku nake nema. Shekaranjiya wani kwastomana ya kawo min Apple Watch Series 9 da ƙaninsa ya aiko masa daga Amurka. Ya ce komai na aiki, sai wajen awon iskar da ke cikin jini ne agogon ya ƙi. Na ɗauka sensa ce ta mutu. Na goge bayansa, na yi masa risetin, har na ɗauko abin buɗewa. Allah Ya taimake ni na fara duba lambar da ke jikin kwalin, na ga ta ƙare da LW/A, na bincika. Ashe lafiyar agogon ƙalau, kamfanin ne da kansa ya kashe wannan ɓangaren saboda shari'a. Garin karanta wannan sai na faɗa kan wata shari'ar da ta fi ɗaure min kai, ta wani kamfani AliveCor, a kan gano rikicewar bugun zuciya. A wata ɗaya, Disambar 2022, wata hukuma ta ce Apple ya ci haƙƙinsu, wata kuma ta ce tun asali ba su da haƙƙin. Duk a ƙasa ɗaya. Don Allah a warware min.

Barista: Wa'alaikumus salam. Da ka buɗe agogon nan da yanzu ni kake nema a kan wata shari'ar daban. Bari in fara daga tushe, don na lura a gidan nan ana cakuɗa abubuwa uku: haƙƙin mawallafi, tambarin kasuwanci, da haƙƙin ƙirƙira. Na ukun ne maganarmu, wanda mu lauyoyi muke kira fatent.

Ɗan Auta: Faten doya ko faten tsaki, Anti Barista? In na tsaki ne a sa min yakuwa.

Barista: Auta, ka ci ka ƙoshi ka dawo aji. Haƙƙin ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Kai ka rubuta yadda abinka ke aiki dalla-dalla, yadda duk wani masanin fannin zai iya karantawa ya haɗa irinsa. Ita kuma gwamnati ta ba ka ikon hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da shi ƙasarta na shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. Wa'adi na cika, abin ya zama na kowa. Sharuɗɗan uku ne: ya zama sabo, ya zama mai amfani, kuma kada ya zama abin da duk wani ma'aikacin fannin zai iya hangowa da kansa idan ya dubi abubuwan da aka riga aka sani. Ku riƙe wannan na ukun, a kansa aka kayar da AliveCor. Amma kafin in ci gaba, Dakta ya gaya mana me na'urar take yi, don ba a shari'a a kan abin da ba a gane ba.

Dakta: To Barista. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. Akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama da ke sakin wutar lantarki a kan tsari, ita ke sa zuciya ta matse ta saki. Cutar da agogunan nan suka fi nema mu muna ce mata AF. A cikinta wutar ɗakunan sama ce ke rikicewa, maimakon su matse sai su riƙa karkarwa. Bugun hannu sai ya rasa tsari, ka ji biyu da sauri, a ɗan tsaya, uku su biyo. Haɗarin ba a karkarwar yake ba. Jinin da bai fita da kyau ba yana kwantawa a wata 'yar aljihu a ɗakin hagu na sama, ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai AF ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Kuma muguntarta, takan zo ta tafi. Mutum ya zo asibiti mu jona masa wayoyi goma mu ga komai daidai, ya koma gida da dare ta dawo.

Agogon yana da hanya biyu. Ta farko ita ce koren hasken nan da kuke gani yana walƙiya a bayansa. Jini yana shanye koren haske, to duk bugu ɗaya jini ya ƙaru a hannu, hasken da ke dawowa ya ragu, agogon ya ƙirga. Wannan yana iya yi kana barci, amma ƙiyasi ne, bai ga wutar zuciya ba. Ta biyu ita ce ECG: bayan agogon na taɓa hannunka, ka ɗora yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin gefe na daƙiƙa 30, da'ira ta rufe ta ƙirjinka, ya zana layin wutar. Wannan ta fi tabbas, sai dai ba za ka wuni da yatsa a kan maɓalli ba.

Injiniya: Nan ne gaɓar. Abin da AliveCor suka yi wa rajista, a taƙaice, shi ne haɗa biyun. Hasken ya yi ta gadi, a kuma duba ko mutum na motsi ko yana zaune. Idan kana kishingiɗe amma zuciya na gudu kamar mai hawan dutse, sai agogon ya ce maka tsaya, ɗora yatsa mu tabbatar. Hasken ne mai gadi, ECG ne mai shaida.

Baba Alhaji: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni abin nan da kuke magana yana cikin aljihuna yanzu haka. Bara waccan na riƙa jin ƙirjina kamar an saki tsuntsu a ciki, musamman bayan sallar asuba. Sau uku ana yi min awo a asibiti ana cewa lafiya lau. Har wani ya ce min damuwa ce in rage tunani. Ɗana da ke waje ya aiko min da wani ɗan abu, bai kai faɗin yatsu biyu ba, da ƙarfe biyu a kai, sunansa Kardia. Ranar da tsuntsun ya tashi na ɗora yatsu, jikata ta riƙe waya, aka sami zanen. Da likitan zuciya ya gani bai yi minti ɗaya ba ya ce Alhaji ga ta nan. Tun daga lokacin nake shan maganin tsinka jini. Ban san masu shi suna kotu ba sai yau.

Anti Nas: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ai masu wannan Kardia ɗin su ne AliveCor.

Baba Alhaji: To ni dai ina bayansu, ko me suka yi.

Barista: Baba ya yanke hukunci tun kafin a karanta ƙara. Allah Ya ƙara girma. Ga yadda abin ya gudana. Wanda ya kafa AliveCor likita ne, David Albert. A ƙarshen 2010 ya saki wani ɗan bidiyo yana nuna rigar iPhone mai ƙarafa a baya da ke ɗaukar ECG, abin ya zaga duniya. A Nuwamban 2017 hukumar FDA, wato kamar NAFDAC ɗinsu, ta amince da KardiaBand, maɗaurin agogo ne da ake sa wa Apple Watch, da ɗan ƙarfe a jiki. Shi ne kayan asibiti na farko da aka amince a jona wa agogon Apple. Ba a cika shekara ba, Satumban 2018, Apple ya fito da Series 4 da ECG a cikin agogon kansa. Wa zai ƙara dala 199 ya sayi maɗauri alhali agogon na yi? A 2019 AliveCor suka daina sayar da shi.

Sai suka tafi shari'a ta ƙofa uku. Disambar 2020 suka shigar da ƙara a kotun tarayya a Texas. Afrilun 2021 suka je hukumar ITC mai kula da kayan da ake shigowa da su Amurka. Wata guda bayan nan suka ƙara da ƙarar danniya a kasuwa a Kalifoniya. Shi kuma Apple bai tsaya kare kansa kawai ba, ya zagaya ofishin rajistar ƙirƙira ya ce a sake duba takardun AliveCor uku, don tun farko bai kamata a ba su ba.

Mai Gyaran Waya: Me ya kai su ITC alhali ga kotu?

Barista: Sauri da zafi. ITC ba ta ba ka ko sisi, amma tana iya umartar kwastan su tare kaya a bakin ruwa. Agogunan Apple a Asiya ake haɗa su, ko da kamfanin na Amurka ne kayansa shigowa suke. Tara ta kuɗi Apple zai biya bai ji a jikinsa ba. A ce masa kayanka ba za su shigo ba kuwa, wannan ita ce maganar da ke sa babba ya zauna a teburin sulhu.

To amsar tambayarka ta farko. Ranar 6 ga Disambar 2022 kwamitin ofishin rajista ya soke takardun uku. Ranar 22 ga watan ITC ta ce Apple ya keta haƙƙin AliveCor, ta ba da umarnin hana shigowa, amma ta dakatar da aiki da shi har a gama ɗaukaka ƙara kan sokewar. Ba saɓani ba ne kamar yadda ka ɗauka, mudun ne ya bambanta. A ITC da kotu, takardar da gwamnati ta bayar ana ɗaukarta sahihiya, wanda ya ce ba ta da inganci sai ya kawo hujja bayyananniya mai ƙarfi. A gaban kwamitin can kuwa, rinjayen hujja ya wadatar, ko da ɗan kaɗan ne. An ƙirƙiro wannan hanyar ne da dokar 2011. A Maris ɗin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar, umarnin ITC ya mutu bai taɓa aiki ko na kwana ɗaya ba.

Mai Gyaran Waya: Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Likitan nan ya yi shekaru yana wahala, ya nuna wa duniya abin na yiwuwa, mai kuɗi ya zo ya kwashe. Wallahi ni wannan fin ƙarfi na ke gani.

Injiniya: Malam, ka yi haƙuri, zan saɓa maka. Tausayi daban, ƙirƙira daban. Mene ne sabo a ciki? ECG ya haura shekara 100. Einthoven na ƙasar Holan ya haɗa injinsa a farkon shekarun 1900, nauyinsa wajen kilo 270, majinyaci na tsoma hannu da ƙafa a bokitin ruwan gishiri, ya karɓi kyautar Nobel a 1924. Wanda ake ɗaura wa mutum ya yi yawo da shi, Norman Holter ya fara tun ƙarshen shekarun 1940, jaka ce ta goyo mai kilo 38. Awon bugu da haske ya daɗe a asibitoci, shi ne ɗan abin da ake maƙala wa yatsa. Kuma Apple ya zaƙulo wata tsohuwar takarda ta wani mai suna Shmueli, wadda tun kafin AliveCor ta bayyana na'urar ɗaurawa a hannu mai haske da ECG tare, hasken ya hango matsala a ce wa mutum ya ɗauki ECG. To me ya rage? A duba motsi, a sa kwamfuta ta koyi tsarin bugu. Kwamitin ya ce waɗannan ma an rubuta su a wasu wurare, duk injiniyan fannin zai iya haɗawa. Ni aikina ke nan, kuma gaskiya na yarda da su.

Anti Nas: Injiniya, bayan an yanka ta tashi kowa ya san inda aka yi kuskure. In abin a fili yake haka, me ya hana wani ya fito da shi kasuwa kafin su? Takarda a durowa ba ta taɓa gano cutar kowa ba. Wanda ya bi layin FDA, ya yi gwaji a kan mutane, ya shawo kan likitocin da ke raina abin, shi ne ya yi aikin.

Injiniya: Anti, ban musa wahalarsu ba. Amma takardar ba ladan wahala ba ce, ladan sabon tunani ce. Ki duba ɗaya gefen. Da takardun nan sun tsaya, Samsung, Fitbit, Withings, Huawei, duk mai son haɗa haske da ECG a hannu don kasuwar Amurka sai ya biya kamfani ɗaya ko ya fasa. Wa zai biya a ƙarshe? Irin su Baba.

Barista: Maganar Anti Nas tana da gurbi a doka, ba tausayi ba ne kawai. Alƙalai sun san cewa in an riga an ga abu, sai ya zama kamar mai sauƙi. Don haka ana karɓar shaidun gefe: shin masana sun yaba da abin da ya fito? Shin an daɗe ana nema an kasa? Shin wanda ake ƙara ya kwaikwaya ne? A ITC an gabatar da irin waɗannan, sun kuma taimaki AliveCor. A gaban kwamitin rajista ba su shiga ba. Da aka je ɗaukaka ƙara, AliveCor suka ce ai Apple ne ya kamata ya fito da su, kotu ta ce ba ku tayar da maganar a can ba, kun makara. A matsayina na lauya wannan ne wurin da ya fi yi min ciwo. Ba a kan zuciya ko lantarki aka rasa wannan gaɓar ba, a kan tsarin shigar da takarda ne.

Ɗan Auta: Kenan lauya ne ya ci su, ba Apple ba.

Barista: Ban ce ba. Kada ka sa a kai ni ƙara daga Kalifoniya.

Mai Gyaran Waya: To ita ƙarar danniyar fa? Don ni a nan na fi ganin laifin.

Barista: AliveCor suna da manhaja mai suna SmartRhythm da ke karɓar bayanan bugu daga agogon. Suka ce a 2018 Apple ya canza yadda agogon ke lissafa bugun da yake miƙa wa manhajojin waje, tasu ta daina aiki yadda ya kamata, kuma da gangan ne. Apple ya ce gyara ya yi don lissafin ya fi daidai lokacin motsa jiki. A Fabrairun 2024 alƙali Jeffrey White ya ba Apple gaskiya ba tare da an kai ga zaman sauraron shaidu ba. Dokarsu ba ta tilasta wa kamfani ya bar tsohon tsari don maƙwabci ya jingina da shi, matuƙar sabon ingantawa ne na gaske.

Mai Gyaran Waya: Wannan na san shi a sana'ata. Ka sayi kayan gyara na wani samfuri cike da kwali, su saki sabuntawa ɗaya, waya ta fara rubuta cewa ba ta san wannan sikirin ɗin ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya kafa rumfa a jikin katangar wani, ranar da mai katanga ya so fenti sai ya tashi.

Injiniya: A nan kam muna tare. Kuskuren dabara ne ka ɗora kasuwancinka a kan agogon wanda zai iya zama abokin hamayyarka gobe. Ka lura abin da ke hannun Baba bai dogara da agogon kowa ba, shi ya sa yake nan har yau.

Hajiya Malama: Ina bin ku a hankali. Tambayata, shugaban ƙasarsu ba shi da ta cewa? A ce hukuma ta hana shigo da abin da ke ceton rai?

Barista: Yana da ita Hajiya. Yana da kwana 60 ya soke umarnin ITC. Obama ya yi haka a 2013, lokacin da Samsung ya sami umarnin hana shigo da wasu tsofaffin iPhone da iPad. A na AliveCor gwamnatin Biden ta ƙi sa baki a Fabrairun 2023. Haka ta ƙi a na Masimo, wanda shi ne ya shafi agogon kwastoman Malam.

Mai Gyaran Waya: Yauwa, a zo kan nawa.

Barista: Masimo kamfani ne da ya daɗe yana ƙera na'urorin awon iskar jini na asibiti. Sun zargi Apple da zama da su a 2013 kamar za a yi haɗin gwiwa, daga baya ya ɗebi wasu manyan ma'aikatansu. Su tasu takardar ba ta faɗi gaba ɗaya ba. Oktoban 2023 ITC ta ba su gaskiya, ana dab da Kirsimeti Apple ya janye Series 9 da Ultra 2 daga shagunansa na Amurka. Daga 18 ga Janairun 2024 ya koma sayar da su da wannan ɓangaren a kashe. Sai a Agustan 2025 ya dawo da shi ta bayan gida: agogo ya ɗauki awo, waya ta yi lissafi ta nuna sakamako. Ka sabunta masa agogon da wayar duka, ka duba cikin manhajar Health.

Injiniya: Kun ga amfanin da nake faɗa ta wata fuskar. Takardar da ke da iyaka bayyananniya tana sa a nemi wata hanya. Wadda ta yi faɗi da yawa ita ce ke toshe titi gaba ɗaya.

Anti Nas: Ko kuma tana sa mai kuɗi ya biya injiniyoyi su zagaye ta maimakon ya biya mai ita. Ya danganta da inda ka tsaya.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Ni tambayata ta gida ce. Idan wani yaro a Kano ko nan wajenmu ya haɗa irin wannan agogon, za su iya kama shi?

Barista: Haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallake iyaka. Takardar Amurka a Amurka take aiki. Shi ya sa agogon da aka saya a Dubai ko Landan bai taɓa rasa awon iskar jini ba. In ba su yi rajista a ƙasarka ba, ba su da abin riƙe ka da shi, sai ranar da ka ce za ka kai kayan can. Ku a Nijar kuna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta haɗin gwiwa mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17, takarda ɗaya ta rufe har Chadi da Kamaru. Gana na cikin wata ƙungiyar irinta, ARIPO. Mu Najeriya muna kan dokarmu ta 1970, kuma abin da mutane ba su sani ba, a wajenmu ana duba cikar takardu ne kawai, ba a binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce an ba ka ne a kan alhakinka. Sai an je kotu ake sanin ko takardar na da nauyi.

Ɗan Maraɗi: Ashe yaro na iya zama ya karanta takardunsu ya koya, halal.

Barista: Don haka aka wallafa su. Kyauta suke a intanet, da zane da komai. Waɗanda aka soke da waɗanda wa'adinsu ya cika, kowa na iya aiki da su.

Dakta: Ku bar ni in ɗan zuba ruwan sanyi, don kada gobe a cika min layi da masu agogo. Jami'ar Stanford ta yi bincike da Apple a kan mutum 419,297, aka wallafa a 2019. Waɗanda agogo ya yi wa gargaɗi 2,161 ne, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A cikin 450 da aka liƙa wa na'urar asibiti a ƙirji suka dawo da ita, kashi 34 aka samu da AF. Wannan ba ya nufin sauran ƙarya agogon ya yi, tunda cutar na ɓuya, amma yana nufin gargaɗi ba hukunci ba ne. Na taɓa ganin matashi ɗan shekara 25 da ya hana kansa barci sati biyu saboda saƙo ɗaya, muka duba ba komai. Kamfanin ma ya ce ba a yi abin don 'yan ƙasa da shekara 22 ba. Kuma don Allah ku ji wannan: agogon ba ya gano bugun zuciya irin na toshewar jijiya. Mai ciwon ƙirji da zufa ya tafi asibiti, kada ya tsaya ɗora yatsa. Kada kuma wani ya fara shan maganin tsinka jini da kansa, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Anti Nas: Dakta ka ƙara da na kasuwa. Wata ta zo mana da agogon dubu goma sha biyar, wai yana ECG da awon suga da hawan jini. Na cire shi na ɗaura wa robar ruwa, ya ce bugunta 78, lafiyarta ƙalau. Matar nan ta bar shan maganin hawan jini wata biyu saboda shi.

Mai Gyaran Waya: Na sha buɗe irinsu. Koren fitila ce kawai a baya, babu ma abin da ke karɓar hasken. Lambobin a cikin manhaja aka rubuta su.

Injiniya: Kuma babu mai kai waɗannan kotu, don ba su saci fasahar kowa ba. Ba su da fasahar ma.

Hajiya Malama: Ni har yanzu zuciyata na wajen likitan nan. A ce ka riga kowa, ka ƙare ba ka da komai.

Injiniya: Bai ƙare ba komai ba Hajiya, kamfanin na nan yana sayar da na'urorinsa, har da mai ɗaukar layin wutar zuciya shida maimakon ɗaya. Abin da ya rasa shi ne ikon hana wasu.

Anti Nas: Da kasuwar agogo gaba ɗaya. Kada ka rage masa asara.

Injiniya: Na karɓa.

Baba Alhaji: Barista 'yata, duk na ji. Abu ɗaya nake so ki gaya min da Hausa. Wannan da ke aljihuna, tunda an kayar da su, zai daina aiki ne?

Barista: A'a Baba, ko kaɗan. Hukuncin bai taɓa na'urarka ba, bai kuma ce ba ta da kyau ba. Ka ci gaba da ɗora yatsunka, ka riƙa kai wa likitanka zanen.

Baba Alhaji: Alhamdu lillahi. Sai dai batirin ne ya fara rauni, irin mai kama da kwabo ɗin nan.

Mai Gyaran Waya: Baba ka aiko jikarka da shi shago gobe bayan azahar, akwai irinsa a wajena. Barista, na sabunta agogon mutumin, awon ya fito a waya, 97. Yanzu rigimar da ta rage ita ce ya ce tunda ban kwance komai ba, ba zai biya kuɗin gyara ba.